Ranar da Aka Yi wa Inna Juye a Jirgin Sama

Abin da na zuba a tafiyar nan ina iya ƙirga shi da yatsun hannu ɗaya. Raken gona biyu na fadamar Taba, wanda na saya tun yana tsaye na sayar bayan ya yi daraja. Barkonon kaka guda da na tattaro daga ƙauyukan Ikara. Bijimi ɗaya da na daɗe ina turka. Waɗannan ne suka zama kujera biyu a jirgin Makka, tawa da ta mahaifiyata. Sai curin mazarƙwaila talatin da na rage tufafina don su sami wuri a awon kaya, domin na ji labarin Hausawan da ke zaune a can suna neman ta ruwa a jallo. Rake ana sake shukawa, bijimi ana sake saye. Abin da ba ni da tabbacin sake samu shi ne wata shekarar da Inna za ta iya tsayawa da ƙafafunta a Arfa, don gwiwoyinta sun riga sun fara yi mata gardama.

Shekaru kaɗan ke nan da samun mulkin kai, lokacin da shiga jirgin sama abin labari ne a ƙasarmu. Daga baya na yi ta zirga-zirga ina saro darduma da turare da agogo, na sauka a tashoshin jirgi da dama. In 'yan kasuwarmu suka tambaye ni wace tasha ta fi daɗin sauya jirgi, jira suke in ambaci mai benaye da fankoki. To mafi muni da na taɓa gani ita ce mafi kyan gini. Ba zan faɗi garin ba, na ci abincin mutanensa. Daɓenta kamar madubi, ƙofofinta sun fi rumfunan kasuwar Makarfi yawa, lasifika tana ta surutu da harshen da ba na ji. Ba ka ganin jirgin da ya kawo ka, ba ka ganin wanda zai ɗauke ka. Na zauna a bakin wata ƙofa da tikitina a hannu har jirgina ya tashi ta wata ƙofar daban, babu wanda ya leƙo ya ce ina mutumin nan mai jar dara. Da na nemi ruwan alwala, wani mai shara ya biyo ni da tsumma yana goge sawuna. Kayana suka isa Kano, ni na bi su daga baya.

Ni a tashar mota na koyi auna tasha. Duk wanda ya yi fatauci tsakanin Kudan da Makarfi da Ikara ya san juye. Motar da ka shiga ba za ta kai inda za ka ba, ko kuwa fasinja sun ragu direba ya ga ba riba, sai a tsaya a mararraba a ce ku sauka ku shiga waccan. Juyen kirki yana da ƙa'ida. Direban da ya kawo ka shi zai kai ka gaban wanda zai karɓe ka, ya faɗa da bakinsa a kunnenka cewa ka biya, ga inda za ka sauka, ga yawan kayanka. In an yi haka, kai amana ne a hannun na biyun. In ba a yi ba, kai da sa'arka.

Inna ta taɓa gamuwa da rashin sa'ar. Ina saurayi ta tashi daga gidanmu na Kudan za ta suna Ikara, 'yar ƙanwarta ce ta haihu. Ta ɗauki daddawa da tsakin gero da turmin atamfa. A Tashar Yari direba ya leƙo ta taga ya ce Inna sauka ga motarku can, ya ja ya tafi. Direba na biyu ya ce bai san da ita ba, sai ta sake biya, ita kuwa abin da ta ƙulla a bakin zane ta riga ta ba na farko. Ta wuni a gindin bishiya da kayanta, har wani mai jaki daga garinmu ya gane ta. Ta isa Ikara washegari, an raɗa suna an watse. Tun daga ranar ta kafa doka: ba ta sauka daga mota a hanya sai direba ya miƙa ta hannu da hannu. Direbobin hanyarmu duk sun san da haka. In suka hango ta sai su fara dariya suna cewa yau akwai rakiya, amma suna yi, don tana ba da goro mai kyau kuma addu'arta doguwa ce.

Ejan ɗin da ya yi mana takardu a Kano ya faɗa mini tun farko cewa jirginmu ba zai haye teku da mu ba. Zai sauke mu a wata ƙaramar tasha ta cikin rairayi, can gabas da Chadi, ya koma ya kwaso sauran alhazai, wani jirgin kuma ya ƙarasa da mu Jidda. Na ji, na ce to. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa dokar Tashar Yari za ta hau sama tare da mu.

A filin jirgin Kano muna layi Inna ta ga wani Bature mai farar riga yana zagaya jirgin, yana duba tayoyi yana shafa su. Ta tambayi na kusa da ita ko wane ne, aka ce direban ke nan. Ta gyaɗa kai ta ce wanda yake duba taya kafin ya tashi ya san aikinsa. Ni ɗan farinta ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye a gaban mutane ba. Mai rake take ce mini, kuma sau da yawa sai ta faɗa wa iska abin da take so in ji. Da jirgi ya ɗaga, maza da yawa suka rufe ido suna salati, ita kuwa ta manna goshi a taga tana neman fadamar Kudan a ƙasa. Aka kawo shayi da biskit, ta sha, ta ce wannan mota ba ƙura ba wari.

Muka sauka da hantsi. Tashar ba komai ba ce: ɗaki biyu na kwano, wata doguwar rumfa, gangunan mai a jere, sai rairayi iya ganinka. Amma abu na farko da na lura da shi, jirgin da zai ɗauke mu yana tsaye a fili, kana ganin sa da idonka, tsakaninsa da namu bai fi tsawon gona guda ba. Akwai randuna a bakin rumfa cike da ruwa. Jagoranmu, wani malamin makaranta mutumin Gazara mai jin Turanci, ya ce maza su yi wanka su ɗaura harami a nan, don daga Jidda Makka za mu wuce kai tsaye, lokaci ya ƙure. Na ga mata suna saukowa, na ɗauka Inna tana cikinsu, na tafi na yi wankana na ɗaura zanen harami.

Ina fitowa jagora ya tare ni, gumi yana zubo masa. Ya ce kowa ya sauka ban da Hajiyarka.

Na hau na same ta zaune daram a kujerarta, buta a gefen ƙafa, ƙullin kayanta a cinya. Ma'aikatan jirgi biyu suna tsaye a kanta suna nuna mata ƙofa, tana amsa musu da murmushi kamar masu gaishe ta.

"Mai rake ya je ya kira direban," ta ce, tana duban taga.

Na durƙusa na ce mata Inna, wannan jirgi ne, ba mota ba ce, komai yana rubuce a takarda, na ma nuna mata tikitin.

"Yana da taya?"

Na ce yana da.

"Yana da direba?"

Na ce yana da.

"An karɓi kuɗi kafin a tashi?"

Na ce an karɓa.

"To a kira shi."

Jagora ya hau ya yi mata bayani a hankali. Ya ce wannan jirgin da zarar ya sha mai Kano zai koma, da ita ko babu ita. Wancan kuma yana cikin na ƙarshe da za su shiga Jidda kafin a rufe karɓar alhazan bana, in ya tashi babu wani a bayansa da muke da kujera a ciki. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce ta gode, Allah ya yi masa albarka, amma gara a mayar da ita Kano inda ta san hanyar gida da a zubar da ita a rairayin da ko mai jaki ba ya wucewa. Na san muryar nan. Da ita take sayar da daddawa, in ta faɗi kuɗi ba ta ragewa.

Abin da kasuwa ta koya mini shi ne, in mai saye ya kafa sharaɗi ɗaya ya tsaya a kai, kada ka ɓata yawu wajen rushe sharaɗin, ka tambayi kanka nawa cika shi zai ci. Na ce wa jagora ya nemo mini direban. Ya ce ya gwada, direban yana cikin ɗakin kwanon can, masu gadi sun hana shi shiga, ga kuma alhazai suna jiran ya jera su. Na sauko ina riƙe da zanen harami da hannu ɗaya don ban iya ɗaurin ba tukuna, na tsaya ina duban tashar kamar yadda nake duban kowace tasha. Kowace tasha tana da mutum ɗaya wanda ba shi da kaki ba shi da ofis, amma kowa ta gabansa yake wucewa. A Tashar Yari ɗan kamasho ne. A nan na hango wani dattijo a ƙarshen rumfa, da tebur da benci da tukunyar shayi a kan garwashi, wani mai gadi yana karɓar tire daga hannunsa zai kai ɗakin kwano.

Na yi masa sallama da ɗan Larabcin allo da nake da shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya amsa da Hausa garau, ya ce daga ganin wannan ɗaurin harami Bazazzagi ne. Ashe Bakano ne. Ya tafi Makka a ƙafa yana saurayi, a hanyar dawowa ya tsaya a nan neman guzuri, ya yi aure, guzurin bai cika ba har gemu ya yi fari. Muka gaisa sosai, ya tambayi damina, ya tambayi Kano, ni kuwa idona yana kan gangunan man da ake ta mirginawa. Na ce masa ai na sani, Bakano ko a hanyar Makka ya ga inuwa sai ya kafa tebur. Ya yi dariya ya ce zauna ɗana, me ya faru.

Na faɗa masa. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce tsohuwa tana da gaskiya, shi ma da raƙumi aka taɓa yi masa irin wannan. Ya ce direbobin duka biyu shayinsa suke sha, zai iya fito da su. Na zura hannu a ɗamarar kuɗi, ya ɗaga mini tafi ya ce in bar shi, a nan kuɗi ba ya sayen abin da yake marmari. Sai ya nuna kayan alhazai da aka jibge a rana, ya ce wancan kwalin da zuma ke bi na wane ne.

Nan na san na shigo hannu. Ya ce rabonsa da mazarƙwaila tun kafin ya bar gida, 'ya'yansa har jikoki labarinta kawai suke ji, suna cewa ƙarya yake yi wai akwai sukari ja mai ƙamshin rake. Na ce zan ba shi curi biyar. Ya ce albarka. Na ce goma. Ya ɗauki buta ya shiga tsiyaya shayi daga sama, a hankali, yana kallon jirgin Jidda da aka fara jera mutane a gindin matakalarsa.

"Baba, ka ji tsoron Allah, jarina ne."

"Ɗan Zazzau, ni ban ce ka sayar ba. Kai ka zo."

Na yi ciniki da dillalan barkono waɗanda ba sa dariya, ban taɓa jin an ɗaure ni kamar ranar ba, kuma abin haushi ina ta jin dariya tana taso mini. Muka tsaya a ashirin da biyar. Ya sa aka jawo kwalin, ya gutsuri ɗan kaɗan ya sa a baki, ya rufe ido jim kaɗan. Sannan ya miƙe ya ɗauki tire da kansa ya shige ɗakin kwano, masu gadi ko kallonsa ba su yi ba.

Ba a daɗe ba sai ga shi da Baturen, fuska ja wur, yana tafe yana share hawayen dariya. Muka hau tare. Da ya zo gaban Inna sai ya cire hularsa ya daina dariyar. Ta dube shi da kyau ta ce shi ne, wanda ya duba taya. Ta yi masa sannu da tuƙi, ta tambayi iyalinsa da gajiyar hanya, mai shayi yana juyawa da wani gaurayen Larabci da Turanci. Ta ce a faɗa masa tuƙinsa ya yi kyau, sai dai wurin nan mai gargada da muka wuce bayan an sha shayi, ya kamata ya riƙa rage gudu in ya zo nan. Ban san yadda dattijon ya fassara ba, amma Baturen ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Sannan ta miƙa masa ƙullin kayanta, ta ɗauki butarta, ta miƙe.

Har yau ina ganin tafiyar nan a idona. Bature a gaba da ƙullin atamfa a hannu, yana rage sauri don gwiwoyinta. Inna a tsakiya, ba ta duban kowa. Mai shayi a gefe da tirensa a hammata, ni a baya ina fama da harami. Alhazai duk sun riga sun shiga, fuskoki sun cika tagogi. Direba na biyu, wani Balarabe mai kaurin gashin baki, ya sauko har ƙasa don ya ga abin da ya tsayar da shi.

Inna ta ce a faɗa a gabanta. Baturen ya faɗa, mai shayi yana maimaita mata ɗaya bayan ɗaya: wannan fasinjarsa ce daga Kano, ta biya, Jidda za ta sauka, kayanta akwati ɗaya da ƙulli ɗaya da buta. Ta ce a ƙara da mai rake, shi ma ya biya. Aka ƙara. Balaraben ya saurara kamar ana karanta masa wasiyya, ya yi wata magana yana dafa kansa. Mai shayi ya ce, Hajiya, ya ce ke amana ce a wuyansa har Jidda.

Ta kwance bakin zane ta ba kowannensu goro. Ta ga goron bai isa irin wannan karamci ba, sai ta ce wa iska ai akwai sauran mazarƙwaila. Na kwance ragowar biyar ɗin na miƙa wa kowane direba curi guda. Ta yi wa Baturen addu'ar sauka lafiya, ta kuma ba shi saƙo, in ya isa Kano ya ga mai zuwa Kudan ya ce a gaya wa mutanen gida an yi juye lafiya. Ya gyaɗa kai da gaske. Mai shayi ya raka mu har gindin matakala, ya ce in na dawo in taho masa da daddawa, na ce ya jira.

Da muka shiga, alhazai suka ɗauki sowa da dariya. Wata tsohuwa mutuniyar Dandamisa ta tashi tana faɗa, wai su me ya sa ba a miƙa su ba, ko su ba su biya ba ne. Inna ta zauna ta gyara mayafi ta ce mata ta kwantar da hankalinta, in an tambaye su kuɗi a gaba su ce tare suke da ita. Muna haye teku direban ya aiko mata da lemo daga ɗakin tuƙi. A Jidda ya tsaya a bakin ƙofa sai da ya ga ta taka ƙasa.

Shi ya sa in aka tambaye ni nake cewa tashar rairayin nan ce ta fi. Kana ganin jirginka, akwai ruwa a randa, kuma akwai mutumin da in ka faɗa masa damuwarka zai iya shiga inda ba ka isa ba, ko da zai yanke ka a ciniki. Ban sake sauka a can ba. A dawowa jirgi ɗaya ya kawo mu, ya tsaya shan mai a wani gari Inna ko motsi ba ta yi ba, bayan 'yan shekaru kuma aka kawo manyan jirage da ba sa buƙatar tsayawa a hanya.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Curi ashirin da biyar sun tafi wurin Bakano, biyu wurin direbobi, ukun da suka rage mutanen tantinmu suka shanye a kunu a Mina. Ban sayar da ko ɗaya ba, saboda haka tsarabar da na yi niyyar saya da ribarsu ban saya ba, na dawo da casbi da dabino da ruwan Zamzam kamar kowa, na kuma shiga kakar rake ta gaba da ɗan ƙaramin jari. Wannan ita ce asarar. A ɗaya gefen, ranar Arfa da yamma Inna ta ƙi zama a tabarma. Ta dafa kafaɗata ta miƙe tsaye, ta ɗaga hannu ta yi ta addu'a har rana ta faɗi, tana ambaton mutanen Kudan gida gida, har da direbobi biyu da mai shayi. Ni dai na san abin da na saya da mazarƙwailar nan, kuma da dattijon ya ce talatin ɗin duka har da kwalin, da na ba shi ina godiya. A duk shekarun da na yi ina ciniki, ban sayi abu da araha kamar wannan ba.